Kusurwar da Ettore Bai Wanke Ba

Ettore yana saman tsani a cocin ƙauyenmu, auduga a hannu, Nives ta shigo da furanni. Mai gyaran tsofaffin zane-zane ne, daga birni aka ɗauko shi ya wanke hoton Maryamu da ya yi baƙi shekaru aru-aru. Ta ɗaga kai, ya sunkuyo, audugar ta faɗo mata a ka.

"Ni ma wanke ni za ka yi?"

"Ke ai wanda ya zana ki bai bar wa kowa aiki ba."

Kafin a fara tsinkar zaitun soyayya ta yi nisa. Amma ranar da mahaifinta Gaspare ya ga rabin hoton ya fito shuɗi fes, sai ya murtuke fuska.

"Baba, haka mai zanen ya yi shi," in ji Ettore. "Wayewa ita ce mu ga abin da magabata suka bari, ba dattin da ya rufe shi ba."

"Datti?" Tsohon ya ɗauki hularsa. "To ba zan ba ka 'yata ba."

Baki shi ke yanka wuya. Nives ta daina leƙowa, Ettore ya rame, ko taliya ba ta wuce masa. Sai ga saƙonta:

"Masoyina, abin da ka kira datti hayaƙin kyandir ne. Tun Mama na jinya Baba yake kunna nasa a ƙasan hoton ta hagu, har yau bai fasa ba. Ina sonka, amma ba zan taka zuciyarsa in zo gare ka ba."

Kunya ta kama shi. Ya ƙarasa aikin, ya bar kusurwar hagu da baƙinta. Waɗanda suka ba shi aikin suka yi ta faɗa, suka ce daga yau babu su babu shi.

Gaspare ya zo, ya daɗe tsaye a gaban hoton.

"Yaro, ka manta nan."

"Ban manta ba, Baba. Wannan naka ne."

Tsohon ya goge ido da bayan hannu. "Tana bakin ƙofa. Je ka, kafin in sake shawara."

A gaban hoton aka ɗaura auren. Gaspare ya haɗa hannuwansu, ya sa musu albarka.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Ya sa ku tsufa tare, abin da ni ban samu ba."