Riɗi a Farantin Abu Sakhar

Da hantsin ranar Talata Nawal ta fito daga kicin da butar shayi, ta tarar da mahaifinta, Hajji Abu Sakhar, kife a kan katifar zama, kumfa na fita daga bakinsa. Kafin motar asibiti ta shigo layin rai ya yi halinsa. A gabansa akwai rabin ka'ak, zoben burodin nan da mutanen garin Irbid ke karya kumallo da shi, a kan takardar gidan burodin Abu Lamis.

Likita ya ce guba ce. Kafin azahar ma'aikatan lafiya sun rufe gidan burodin, sun ɗiga jan kaki na hatimi a kan kwaɗon. Suka ce in laifin ya tabbata, an rufe ke nan har abada.

Lamis ce ke riƙe da gidan tun da ɓarin jikin mahaifinta ya shanye. Ta karanci sinadaran abinci a jami'a, ta dawo ta ɗaura gyale ta tsaya bayan kanta. Mazan unguwa ba su yafe mata ba. Dama sun daɗe suna yi wa uban dariya, mutumin da ake kira Abu Lamis, wato uban Lamis, da sunan 'ya mace don bai haifi namiji ba. Ranar sun cika bakin titi suna kallo. Wani ya ce, "Ga abin da ke faruwa in mace ta hau tanda." Lamis ta wuce ta tsakiyarsu kanta a sama, ta shiga motar 'yan sanda da ƙafarta.

Laftanar Mu'utasim ne ke da binciken, mutum marar fara'a, mai jan carbi yana tambaya.

"Mun samu maganin ɓera a ɗakin ajiyar fulawarku," ya ce wa Lamis.

"Kun samu. Yana cikin gwangwani a rufe, a can saman bango."

"Ya zuba a kwaɓin."

"Kwaɓi ɗaya muka yi yau, ranka ya daɗe. Rabin unguwa sun ci, har 'yan makaranta. Wa aka kai asibiti ban da Hajji?"

Carbin ya tsaya. Lamis ta ci gaba.

"Kuma irin maganin ɓeran nan jini yake tsinkawa, sai an kwana ana jinya. Hajji ko shayi bai sha ba ya faɗi. Ku tambayi likitanku, zai ce muku maganin ƙwarin gona ne. Shi ke kawo kumfa."

"Ke kika koyar da likitan?"

"Makarantarmu ɗaya."

Laftanar ya jingina. "Ginin da kuke ciki na marigayin ne. An ce ana zawarcinsa, za a rushe a yi bene. In ya sayar, ina za ku?"

"Ba zai sayar ba. Ya yi wa babana alkawari, muddin yana numfashi tandarmu ba za ta mutu ba. Duk Irbid babu wanda ke roƙa masa tsawon rai kamar ni."

Ya sallame ta ta zauna a baranda, ya sa aka shigo da Abu Firas, mai gashin burodin. Tun Lamis na rarrafe yake tsaye a bakin tandar nan, kuma kowa ya san ba ya son karɓar umarni daga gare ta. Makon jiya ma an ji su suna sa-in-sa.

"Me ya haɗa ku?"

"Ma'auni! Ta sayo ma'auni wai in riƙa auna gishiri. Ni! Hannuna ya girme ta."

"To kana son ka ga bayanta."

"Ina son in ga bayan ma'aunin. In an rufe gidan, ni in ci me, jan kaki?" Ya nuna tafukansa da wuta ta ƙone. "Kuma tun asuba ina rami a gaban wuta, ban fito ba sai da kuka zo. Masu layi suna kallona. Tambaye su."

An tambaye su. Haka ne.

Da la'asar sakamakon likita ya zo: maganin ƙwarin gona, an cakuɗa shi da cukun da aka shafa a cikin burodin. Laftanar bai ce wa Lamis ta yi gaskiya ba. Ya dai kira ta, ya ajiye hotunan ɗakin a gabanta.

"Cukun ma daga wurinku yake."

"A rufe muke sayar da shi, kowa da hannunsa yake ɓarewa."

Ta jawo hoton farko. Ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ba na Hajji ba ne."

"Takardarku ce."

"Burodinmu ne, amma ba nasa ba. Dubi riɗi a jikinsa. Tun da Hajji ya sa haƙoran roba riɗi ke shige masa ƙarƙashi yana cin dasashinsa. Kullum Abu Firas na gasa masa guda ɗaya marar riɗi, a ajiye a kan katakon da ke bayan ƙofar gefe, a rufe da tsumma. Nawal ba ta bin layi, ta gefe take shiga ta ɗauka. Har karnukan unguwa sun san wannan."

Ta tura masa hoto na biyu. A gefen farantin akwai ɗan tsibin riɗi, an kankare shi daga bayan burodin.

"Nawal ta ce ita ta ɗauko yau kamar kullum," in ji Laftanar.

"To mu je mu duba katakon."

"An sa wa ƙofar kaki."

"Kai ne hukuma."

Da kansa ya fasa kakin. Ciki duhu, ga ƙaurin itacen zaitun da ya cinye ba wanda ya ƙara. Lamis ta taɓa bakin tandar. Duwatsun sun fara sanyi, abin da ba su taɓa yi ba tun tana yarinya, kuma ta san tsohuwar tanda in ta huce gaba ɗaya tsagewa take yi. Ta wuce ƙofar gefe ta ɗaga tsumman.

Yana nan, zobe ɗaya, sumul, babu ƙwayar riɗi ko guda.

Laftanar ya sa carbin a aljihu.

"Akwai saura," in ji Lamis. "Koma kan hoton. Yaya aka buɗe burodin?"

"An yanka shi."

"A kwance, gida biyu, da wuƙa, kamar an tsaga kwarya. Kai yaya kake buɗe naka?"

Ya ɗaga babban yatsansa, ya dube shi. Duk ɗan Irbid da yatsa yake farka cikin ka'ak ya tura ƙwai da za'atar, yajin busasshen ganyen nan nasu.

"Da safen nan wani ya zo," ta ce. "Baƙo, da hular sanyi da baƙin gilashi, amma harshensa namu ne. Kowa na ɗaukar nasa daga tire, shi ya tsaya sai an miƙo masa. Ya ce in yanka masa shi biyu a kwance. Na ce ba mu da wuƙa, Allah ya ba shi yatsu goma. Ya ce shi ya sa ƙasar nan ba ta ci gaba, ba a san darajar mai saye ba, inda yake zaune har tambayarka ake yi ko a ƙara gasa maka. Na ce ya koma can ya karya. Masu layi suka yi dariya. Guda ɗaya ya saya, da cuku biyu."

"Za ki gane shi?"

"Wanda ya zagi burodina? Ko a cikin kabari."

Washegari aka yi jana'iza. Aka kafa rumfar makoki ta maza a bakin titi, mata suna cikin gida. Lamis ta zo da baƙin mayafi. Da ta doshi ƙofar, sai hira ta ɗauke. Wata tsohuwa ta ce, "Ba ki da kunya, 'yar nan? Kin kashe, kin zo gaisuwa?" Lamis ta gaishe ta da ladabi, ta wuce. A bakin rumfar maza wani mai ƙiba na tsaye yana karɓar ta'aziyya, idanunsa jajir. Babu hula, babu gilashi. Ta ji yana ce wa mai rabon gahawa ya canza kofin, wani ya sha da shi. Muryar ce.

"Wane ne wancan?" ta tambayi Laftanar, wanda ke tsaye a gefe cikin kayan gida.

"Sakhar, babban ɗan marigayin. Tun yana saurayi yake Kanada. Makon jiya ya sauka, yana otal a Amman. Ya ce sai da aka buga masa waya ya taso."

"Jiya da safe yana layina."

Laftanar ya sa aka kira Nawal wani ƙaramin ɗaki. Mace ce da mijinta ya rasu, ta dawo gida tana jinyar uba. Da ta ga Lamis ta kawar da kai. Laftanar ya buɗe leda ya ajiye zoben marar riɗi a kan tebur.

"Ummu Yazan," ya kira ta da alkunyarta, "kin ce ke kika ɗauko."

Ta dubi burodin. 

"Anti Nawal," in ji Lamis a hankali, "shekara nawa kina shigowa ta ƙofar gefe? Kin taɓa kai wa Baffa Hajji mai riɗi?"

"Ban taɓa ba."

"To wa ya kai?"

Daga waje ana jin karatun Alƙur'ani a lasifika.

"Ya ce in ce ni ce," Nawal ta faɗa da ƙyar. "Ya ce laifin gidan burodi ne, in aka ji yana nan za a ja sunan gidanmu a caji ofis. Ina shirin fita sai ga shi da sassafe, da takarda a hannu. Ya ce yau shi zai ba Baba karin kumallo. Ya shiga kicin ya nemi wuƙa, ya ce in je in shimfiɗa wa Baba." Ta share ido da bakin mayafi. "Tun da ya dawo suke faɗa a kan ginin. Baba ya ce ya ba da kalmarsa. Na ɗauka sulhu ya zo yi."

"Mahaifinki bai ce komai ba da ya ga riɗin?" in ji Laftanar.

"Ni na buɗe baki zan yi magana. Baba ya ɗaga mini hannu. Ya sa farce yana kankarewa ta ƙasa-ƙasa, don kada Sakhar ya gani ya ji kunya. Ya ce mini, 'Ɗana ne ya kawo.' Sakhar ya sumbaci kan Baba ya ce yana da uzuri a Amman. Ni kuma na koma ɗora shayi."

Laftanar bai bari a yi abin a gaban jama'a ba. Ya aika a ce wa Sakhar ana nemansa a ciki. Da ya shigo ya ga Lamis, fuskarsa ta canza, sannan ya gyara ta.

"Me wannan take yi a gidanmu?"

"Ta ce ta sayar maka da ka'ak ranar Talata."

"Ina Amman."

"Ƙanwarka ta ce kana kicin."

Ya juya ga Nawal. Ba ta sunkuyar da kai ba.

Laftanar ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba. "Gubar a cikin cuku take, ba a kwaɓi ba, don haka bayan an saya aka sa. Mai tanda bai bar wuta ba. Mai gidan burodi ita za ta fi kowa asara da mutuwar nan. Duk wanda ya kwana a unguwar nan ya san Hajji ba ya cin riɗi, kuma ya san inda nasa yake. Wanda ya kawo wannan bai sani ba, domin ba ya nan lokacin da haƙoran babansa suka zube. Ya kuma yanka shi yadda ake yanka burodi a inda ya fito. Ka so ka jefi tsuntsu biyu: alkawari ya mutu da mai shi, gidan burodi ya mutu da jan kaki, gini ya zama fanko."

"Ba ku da shaida."

"Yarana suna buɗe motar hayarka yanzu. Wasu kuma suna zagaya shagunan kayan noma da hotonka. Mutumin da ke faɗa a kan yadda ake karɓar mai saye, ba a mance fuskarsa."

Yaran Laftanar ba su yi nisa ba. Ragowar garin gubar na cikin takarda a ƙarƙashin kujerar direba. Ta ƙofar baya aka fita da Sakhar, mai karatu bai ma tsaya ba.

A bakin titi Laftanar ya ce wa Lamis, "Zan rubuta wa ma'aikatan lafiya. Ki ba su mako guda, za su zo su buɗe miki."

"Tandar ba za ta kai mako ba."

"Doka ce."

"Kai ka fasa kakin jiya. Ka mayar?"

Ya dube ta, ya dubi sama. "Na mance."

Ba ta je gida ba. Ta biya ta ɗauko Abu Firas, suka ratsa ta gaban rumfar makoki, shi da ɗaurin itace a kafaɗa, ita da galan ɗin kananzir, maza na bin su da ido babu mai tari. Abu Firas ya sauka ramin, ya zura hannu cikin tandar har kafaɗa, ya shafa duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Yaya, Baffa?"

"Da sauran ɗumi a can ƙurya," ya ce. "Miƙo ashana, 'yar Abu Lamis."