Mil Sittin Da Magana Ɗaya

"Har dabinon ma sai an auna shi?" Sakinatu ta tambaya, tana kallon mijinta yana ɗora ƙullin dabino a kan sikelin kicin.

"Komai sai an auna, Sakina. Mil sittin fa zan yi da jakar nan a bayana!"

"To ka rage tarkacen mana."

"Doka ce. Tocila, taswira, usur, rigar ruwa... in babu ɗaya ba za su bar ni in tashi ba."

"Injiniya, akwai maganar da nake so..."

"Ina jin ki, 'yar gidana." Idonsa na kan allurar sikelin.

Ta buɗe baki, ta rufe. "Gishiri ya ƙare," ta ce, ta shige ɗaki.

Ranar Laraba ce, cikin Janairun 1976. Ranar Asabar mijin nata Nata'ala zai shiga tseren da ya shekara yana wa shiri, gudu a tsaunukan arewacin Ingila cikin ƙanƙara, daga wannan asuba zuwa wata asubar. Jirgin ƙasansu zai tashi Juma'a ƙarfe tara na safe. A wannan Juma'ar kuma, ƙarfe goma, asibiti na jiran Sakinatu. Cikin wata uku gare ta, likita ya ce bakin mahaifarta ba shi da ƙarfi, sai an yi mata ɗinki, in ba haka ba wannan ma zai iya zubewa. Takardar aikin tana ƙarƙashin daddumarta sati biyu cur, tana jiran sa hannun mijin da ba ta gaya wa komai ba.

Lokacin kuɗin man fetur ne, gwamnati na turo ɗalibai Landan da aljihu cike. Abokan Nata'ala wani ya sayi mota, wani rediyo mai faifai, kowa na tara abin da zai burge dangi da shi. Shi kuwa bawan Allah, takalman gudu ƙafa huɗu ne dukiyarsa. Kullum kafin ya tafi makarantar koyon aikin injiniya sai ya haye tudun da ke bayan unguwarsu ta Woolwich sau shida, da jaka cike da littattafai a baya, ya dawo yana tururi kamar tukunyar tuwo.

Da ba haka yake ba. Shekara biyu da suka wuce Sakinatu ta yi ɓarin cikin wata biyar. Kwana uku da sallamo ta ya fita da sassafe, ya dawo jiƙe da gumi, tun daga ranar bai daina ba. Kuma ko sau ɗaya ba su taɓa zancen abin da suka rasa ba.

Sonsa take yi kamar ranta, ta kuma san yana son ta. Amma a Gumel inda ta tashi, mace ba ta dubi idon miji ta ce masa tana da ciki, balle wadda ba ta haihu ba tukuna. Wannan aikin tsofaffi ne. Gwaggo ta dubi wuyanki, ta dubi tafin hannunki, ta yi murmushi, kafin la'asar magana ta isa zaure ba tare da kin ce uffan ba. Wancan karon likita ne ya faɗa masa a gabanta, ita dai ta rufe fuska da mayafi. Wannan karon ita kaɗai ta je, shi yana can kan tudu.

Tsohuwa ɗaya ce a kusa da ita, Jane, Baturiyar da ta ba su hayar saman gidanta. Ranar da aka ba ta takardar, Sakinatu ta soya cincin ta sauka, ta zauna tana ta kewaye-kewaye da Turancinta na aji bakwai, har dai Jane ta gane. Tsohuwa ta rungume ta har da 'yar ƙwalla.

"Mijinki ya sani?"

"Bai sani ba," Sakinatu ta ce, ta sunkuyar da kai yadda ya kamata.

Ta hau sama da sanyin rai, ta san aiki ya kammala. Kwana ɗaya, kwana biyar, kwana goma. Kullum tana leƙe ta taga, ta ga Jane ta tare Nata'ala a ƙofa, gabanta ya faɗi, ashe zancen sanyi suke yi. Da ta gaji ta sake sauka.

"Kun... kun yi magana da maigidana?"

Jane ta dafa hannunta. "Kwantar da hankalinki, 'yata. Ko me za a yi min, ba zai ji daga bakina ba. Albishir ɗinki ne, ke za ki yi masa."

Sakinatu ta koma sama kamar ta ɗora hannu a ka. Wace irin tsohuwa ce wannan, da furfurarta da komai, ba ta iya kai magana ba?

Alhamis ta zo. Ta share ɗaki sau biyu, ta ɗora shinkafa ta manta da ita har ta ƙone. Ta ɗaga dadduma ta ɗauki takardar, ta mayar, ta sake ɗauka. Tsoro take ji, tsoron rasa cikin, da tsoron buɗe baki, ta rasa wanne ya fi.

Bayan la'asar ya shigo da tikiti biyu a hannu.

"Na yi mana booking, masoyiyata. Kin haɗa kayanki? Ki sa safa mai kauri. A mil na talatin akwai wani ƙauye, nan za ki jira ni da shayi."

"Ba zan je ba."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Ba za ki je ba kamar yaya?"

"Kamar yadda ka ji!"

"Haba Sakina! Shekara guda ina shirin nan..."

"Shekara biyu kana gudu, na sani! Ka san nauyin dabino, ka san nauyin tocila. Ni da ke cikin flat ɗin nan da kai fa, me ka sani?"

"Me na yi miki?"

"Ba ka yi komai ba. Shi ne ai!"

Kuka ya ƙwace mata. Ta juya wa bango fuska, don in tana kallonsa maganar ba za ta fito ba.

"Injiniya... yaushe rabon da ka ga na yi fashin salla?"

Ta ji takalmin ya faɗi ƙasa.

"Sha ɗaya ga Oktoba," ya ce a hankali.

Ta juyo. "Ka sani?"

"Kullum ina lissafe."

"Ka sani, kuma ka yi shiru? Ka bar ni ina ta..."

"Sakina, wancan karon bakina ne ya ja mana. Na aika wasiƙa Kano, na aika Gumel, na sayi gadon jariri tun ciki bai fito ba. Da abin ya faru Inna ta rubuto cewa ba a yi wa abin da bai iso ba shela. Sai na yi alkawari wannan karon ko ke ba zan yi wa zancen ba. In na zauna ina kallonki bakina zai suɓuce, shi ya sa nake ficewa."

"Shi ne za ka kai ni cikin ƙanƙara?"

"Ba zan iya barin ki kwana uku ke kaɗai ba. Ɗaki mai hita na kama miki."

Ta miƙa masa takardar, duk ta yamutse. Ya karanta, ya sake karantawa, ya zame ya zauna a ƙasa.

"Gobe ne? Sati biyu tana hannunki? Inna lillahi... da mun hau jirgin nan fa?"

"Na gaya wa Jane don ta gaya maka."

"Jane?" Dariya ta suɓuce masa, hawaye na zuba. "Baturiya kika aika?"

Ya laluba aljihu ya zaro biro. Ya rubuta sunansa a kan takardar.

"Tseren fa?" ta ce.

"Dutse ba ya tafiya ko'ina."

Ta durƙusa kusa da shi. Ya riƙe hannunta.

"Wancan ɗin namiji ne, Sakina. Sun nuna min shi. Ban taɓa iya gaya miki ba."

"Ka... ka sa masa suna?"

"Abdulƙadir. Sunan Babanki. Duk sanda na kai saman tudun nan sai na kira shi, don babu wanda zai ji."

"Abdulƙadir," ta maimaita, karo na farko, ta kifa kai a ƙirjinsa suka yi kukan da suka shekara biyu suna ɓoye wa juna.

Washegari ƙarfe tara jirgi ya tashi da kujeru biyu babu kowa. Ƙarfe goma aka tura gadon Sakinatu zuwa ɗakin tiyata. Kafin ƙofa ta rufe ta ɗaga kai ta hango shi a kan benci, carbi a hannu, ƙafafunsa na ta kaɗawa kamar za su tafi su bar shi. Amma yana nan a zaune.