Jan Layi a Kan Tsamiya

Almuru ya yi wa Metir Ashiru a gonar da ake shari'a a kanta, can bayan Tabla, inda manoma da makiyaya ke jayayya kan burtali. Lauya ne, duk takardun shari'ar suna cikin kwamfutarsa ta hannu. Ya buɗe hoton gonar, ya ja jan layi da yatsa inda yake ganin iyaka ta bi. Layin ya ratsa tsakiyar wata tsohuwar tsamiya. Sauro ya cije shi, hannunsa ya goce, layin ya ɗan karkace kamar ƙugiya.

Sai kukan gyare ya ɗauke ɗif. Wani sanyi mai warin tsohuwar rijiya ya taso.

Wani dattijo na tsaye a gabansa, bai yi sallama ba. Ashiru ya gaishe shi.

"Kai ne mai rabon ƙasa?" in ji dattijon. Bakinsa na motsi, amma maganar daga saman itacen take saukowa.

"Baba, layi ne kawai a hoto. Yanzu zan goge shi."

Ya danna, ya sake dannawa, layin ya ƙi gogewa.

"Yaro, mi na yi maka?"

Dattijon ya ɗaga rigarsa a hankali. A hasken gilashin kwamfutar, Ashiru ya ga ɗanyen yanka ya ratsa ƙirjinsa, yana tsattsafar jini. A ƙarshensa ga ƙugiyar nan.