Rabin Kogi

Duk Juma'a Jibirilu, mai sayar da doya a Salaga, yakan sauka bakin kogin Daka ya gyara tsohon kwalekwalen da ya tono daga laka. Ran nan ya kife shi bisa duwatsu biyu, ya shige ƙarƙashi yana cusa tsumma a tsaga, har magariba ta yi.

Sai ya ji sallama. Ya amsa, ya leƙo. Ƙafafu ne kewaye da jirgin, sun jiƙe sun yi fari fat, ga warin ruɓaɓɓen goro.

"Sannu da aiki, mai fito," in ji wata tsohuwar murya.

"Ni ba mai fito ba ne, baba. Tsintarsa na yi."

"Wanda ya toshe shi, shi zai ƙarasa da mu. A rabin kogi aka bar mu."

Ya ji ana zare dutsen farko.