Ɗorawar Gidanmu Ba Tamu Ba Ce

"Kaka, fito ki ga amaryarki!"

Yamusa ne ya faɗa yana dariya, ya ɗaga labulen ɗakin. Ni kuwa ina durƙushe a tsakar gidansu na Apo, na ja mayafi har goshi, ga turmin atamfa da kwalin sabulu a gabana. Tun tuni ya gaya min cewa a gidansu ba a maganar aure sai Kaka ta dafa kafaɗar yarinya.

Tsohuwar ta fito a hankali tana dogara sanda.

Na ɗago zan gaishe ta, sai na ga fuskarta.

Ita ce! Wallahi ita ce!

Ta ƙura min ido. Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi.

"Yamusa," ta ce da Hausarta ta kasuwa, "wannan ne kana so?"

"Ita ce, Kaka. Fadima sunanta."

"Na san shi. Shi ne ya jefa doyan kakanka a kwata."

Dariyar da ke fuskarsa ta ɗauke. Ya juyo ya dube ni, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

* * *

Ni 'yar Abuja ce gaba da baya, ko kuma haka nake taƙama. Abba daga Kano aiki ya kawo shi, ya sayi fili da takardunsa cif, ya gina gidanmu. Maƙwabcinmu na dama Inyamuri ne, na hagu Bayerabe, mai gadinmu ɗan Jos. A tunanina kowa a garin nan baƙo ne. Ban taɓa tambayar kaina ba, to baƙon wa?

A bayan gidanmu akwai wata tsohuwar ɗorawa da Abba ya hana magina su sare, saboda inuwa. Rassanta sun haura katanga har titi. A ƙarƙashinsu na fara ganin Yamusa, ran da motata ta ƙi tashi, yana tsaye kawai ya jingina da katanga.

"Hajiya, ba batir ba ne, ki daina wahalar da makullin," ya ce.

"Kai makanike ne ko mai duba?"

"Duka biyun. Na duba na ga za ki ba ni lambarki."

Na harare shi, amma na bayar. Garejinsa yana can cikin makanikan Apo, kuma daga ranar motar nan ta koyi lalacewa duk mako, ko da lafiyarta ƙalau.

Bagbagyi ne, wato Bagware, musulmi, ko da yake a gidansu akwai masu zuwa coci, Kaka kuma tana nan kan addinin iyayenta. Idan ya zo zance ba ya yarda ya zauna a falo, sai dai mu sa kujeru a gindin ɗorawa. Har takalminsa yake cirewa. Ina tsokanarsa ina cewa, "Masoyi, ka fi son bishiyar nan a kaina!"

"Fadimata, ke daban ita daban," shi ke nan amsarsa.

Umma ta tashi hankalinta da farko. "Duk samarin garin nan ki rasa wanda za ki kawo sai ɗan manoman doya?" Wanda take so shi ne Nazeer, ɗan yayarta, dillalin filaye, mai yawan turare. Abba ne ya tsaya ya ce yaro yana sallah yana da sana'a, magana ta ƙare. Nazeer ya yi min murna har da kawo kyauta. Da na san abin da ke ƙarƙashin murnar!

Duk shekara idan sabuwar doya ta fito, mukan tarar da doya guda da 'yar ƙwarya an ajiye a jikin katangarmu ta baya. Mai gadi ya kwashe, babu wanda ya damu. A waccan shekarar Abba ya yi tafiya, Nazeer ya zo ya ja ni gefe.

"Fadima, kin san wata tsohuwa ce ke ajiye kayan nan? Asiri ne. So ake a lalata aurenki. A bishiyar nan suke aikin, ki ba ni izini kawai in kawo masu inji. Ga fili ma na kafa rumfar biki."

Ina jin an ambaci aurena, hankalina ya gushe.

Washegari da hantsi ina tsaye ana yankan ɗorawa, mai gadi ya ce ga tsohuwar nan. Na fita a fusace. Tana tafe da ƙwarya a kafaɗa, ba a ka ba, yadda matansu suke ɗaukar kaya. Ta ji ƙarar inji, ta ga rassa suna zubowa, ta saki wata irin ƙara ta nufi get.

"Yarinya, bari! Don Allah bari! Mutum yana wurin!"

"Wane mutum? Aljanunki dai!"

Na fizge doyar na wurga ta kwata. Na ce idan ta ƙara zuwa sai na sa an kama ta. Ni da bakina, tsohuwar da ta yi jika da ni.

Ta durƙusa ta tsamo doyarta, ta goge da bakin zane, ta tafi.

Kafin magariba Nazeer ya sa an tumɓuke har kututturen. Kafin mako an shafe bayan gidan kaf da intalok, bulon daɓen nan.

Da Yamusa ya zo ya ga wurin, sai da ya dafa bango.

"Wa ya sa aka yi wannan?"

Muryarsa ta ba ni tsoro, sai kawai na ji bakina ya ce, "Abba ne ya bar sallahu."

Ya ce, "Gidansa ne." Bai sake tayar da maganar ba, ni kuma na ji daɗi ƙaryata ta wuce.

* * *

Yanzu ga mu a ƙofar gidansu, Yamusa ya fito da ni.

"Kakana ne a gindin bishiyar nan, Fadima. Mijinta. Unguwarku kaf ƙauyenmu ne. Ina shekara shida aka zo da motoci aka kwaso mu nan, aka ce gari ake ginawa na kowa da kowa. An kwashe masu rai, an bar matattu."

"Me ya sa ba ka gaya min ba?!"

"In ce miki me? In ce kabari ne a gidanku, ki ce don shi na so ki? Na ce bari a ɗaura aure tukun, in roƙi Abba ya bar ta ta shiga sau ɗaya. Shekara ashirin da biyu tana ajiye masa doyar farko ta bayan katanga!"

"Wallahi ban sani ba, masoyi... Nazeer ne ya ce..."

"Nazeer? Shi da ya san tarihin kowane fili a layin nan? Ya taɓa ganina na sauke ta a babur, har ya tambaye ni." Ya share fuska. "Amma ba Nazeer ne ya jefa doya ba. Ba shi ya yi min ƙarya ba."

Da Abba ya dawo na faɗa masa komai ina kuka. Ya yi salati ya fi a ƙirga, ya hana Nazeer shiga gidan, Umma ma ta kasa kare shi. Abba da kansa ya tuƙa mota zuwa Apo, ya cire hula ya durƙusa gaban Kaka, ya ce gida nata ne, ta zo.

Ta zo ranar Asabar da wata doyar a kafaɗa. Ni na buɗe mata get da hannuna.

"Yarinya, zancen doya na yafe," ta ce. "Babana ya ba ni labari, Turawa sun zo da haraji, mun hau dutse, mun sauko. Gwamnati ya zo, mun tashi. Mu ba mu faɗa. Nuna min mijina kawai."

Na kai ta bayan gida.

Ta tsaya. Ta dubi gabas, ta dubi yamma. Intalok ne ja da fari tun daga bango har bango, ko'ina iri ɗaya. Ta taka nan ta ƙwanƙwasa sanda, ta koma can ta ƙwanƙwasa. Ni da na girma a gidan na nuna wuri, Abba ya ce a'a, ya fi nan matsowa. Yamusa ya auna da ƙafa daga katanga, shi ma ya rikice.

Ta fi awa guda tana zagaye, doyar tana kafaɗarta, ta ƙi bari kowa ya karɓa.

"Duk wuri ɗaya ne," ta ce a ƙarshe. "Ya ɓace."

Ta wuce ta gabana ina durƙushe, kafaɗata a kusa da hannunta. Ba ta dafa ba. Ba don ƙeta ba, ina jin ko ganina ba ta yi ba.

Kafin wata doyar ta fito, Kaka ta rasu.

Bayan sadakar bakwai na same shi a gareji, rabin jikinsa a ƙarƙashin mota.

"Yamusa, ka fito ka dube ni, don girman Allah."

Ya fito.

"Na yafe miki, Fadimata. Har yanzu ina sonki, shi ne ma matsalar. Amma duk sanda na kalle ki, Kaka nake gani tana zagaye bayan gidanku da sanda."

"Zan jira! Ko shekara nawa ne!"

"Kada ki jira."

Ban jira ba, amma ban iya auren kowa ba. Abin da na yi shi ne na karɓi diga a wurin mai gadi, na riƙa ɓalle intalok ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Umma ta ce na haukace. Hannuna ya yi kanta. A rana ta tara na ci karo da jijiyoyin ɗorawa, sun taru sun nuna inda gindin yake. Na kewaye wurin da duwatsu, na tura masa hoto. Ya buɗe, bai amsa ba.

Shekara uku ke nan.

Makon jiya sabuwar doya ta shigo kasuwa, na ce wa mai gadi ya bar get a buɗe kamar yadda nake sa shi duk shekara. Da la'asar ya leƙo ya ce ina da baƙi.

Yamusa ne, ya ɗan yi ƙiba. A gefensa wata doguwar mace mai ciki, da ƙwarya a kafaɗa da doya guda a ciki.

"Wannan Prudence ce, matata."

"Sannu Anti," ta ce da fara'a. "An ce ke kika nemo mana wurin. Allah ya saka."

Na kai su. Suka cire takalma, ta sauke doyar a tsakiyar duwatsun da na jera. Na koma nesa na tsaya, don ba ni da gurbi a wurin. Ni da aka haifa a gidan, ranar na san ni ce baƙuwa.

Da za su fita ya ɗan dakata a bakin get. Na zuba wa bakinsa ido, ko zai kira ni da sunan nan sau ɗaya...

"Mun gode, Hajiya," ya ce.

Na ce, "Sai baɗi."

Na rufe get ɗin da kaina, na jingina da shi na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Kaka.