Shara a Bayan Matafiyi

"Kashe abin nan! Ruwaida, kashe shi!"

Da ƙyar Ruwaida ta fito daga kicin, hannu ɗaya tallafe da cikinta ɗan wata takwas. Na'urar shara ce, baƙa mai faɗin faifai, take ta zuƙe ƙurar bakin ƙofa hankalinta kwance. Surukarta Dada na biye da ita da mafici kamar mai korar kaza.

Mijinta Sirajuddeen ne ya sayo ta bayan likita ya hana Ruwaida sunkuyo. Matan unguwarsu ta Sintali sun sha zuwa kallo. Dada dai ba ta taɓa yabawa ba, amma ba ta taɓa ɗaga murya a kanta ba sai yau.

"Dada, wallahi ban kunna ba..."

"To aljani ne ya kunna? Mijinki ya fita da asuba, ruwa zai haye, ke kuma kin share sawunsa!"

Ruwaida ta danna maɓallin da ƙafa, na'urar ta yi tsit. Ta san zancen. Sirajuddeen likitan dabbobi ne, yau ya tafi Lau, daga can zai shiga kwalekwale ya ƙetare kogin Binuwai ya yi wa shanu allura a wata ruga. A dokar Dada kuwa, ba a taɓa tsintsiya a bayan matafiyi sai an ji saukarsa.

"Dada, camfi ne fa. Allah ne mai tsarewa."

Tsohuwar ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ni ma haka na ce. Ranar da babansa ya tafi Lau, na ga tsakar gida da datti, na share. Kwana uku ana neman gawarsa a ruwa."

Shekarar Ruwaida biyu a gidan nan tana ɗaukar Dada mai tsananin banza, ashe abin da ke cin matar ke nan. Tausayi ya kama ta, kunyar bakinta ma ta kama ta.

Ta kira lambar mijinta. A kashe. Ta sake kira. A kashe.

Dada ta jawo na'urar tana juya ta, tana ƙwaƙular gefenta da farce.

"Ina yake ɓoye ƙurar? Buɗe mini."

Ruwaida mai digiri ce, kuma ta san zubar da ƙura ba ya riƙe kwalekwale. Duk da haka ta dafa bango ta durƙusa, ta zaro akwatin ƙurar. Su biyu suka dinga barbaɗa ta a bakin ƙofa, tafi bayan tafi, har da guntun zare da ɓawon gyaɗa.

"Ta nan ya taka," in ji Dada. "Ƙara a nan."

Azahar ta wuce. Shinkafa ta huce a tukunya ba wanda ya kalle ta. Suna zaune a kan tabarma ɗaya, Dada na jan carbi, Ruwaida na kallon waya. Tun ba ta yarda da zancen ba har tsoro ya shige ta sosai.

Ana kiran la'asar wayar ta yi ƙara.

"Zuciyata! Yi haƙuri, rugar babu sabis, yanzu muka fito."

"Kana lafiya? Ka haye?"

"Tun ƙarfe goma! Ashe saƙona bai shigo ba? Ina taka tudu na kunna miki na'ura ta wayata, don kada ki ce za ki sunkuya..."

Ruwaida ta rasa kuka za ta yi ko dariya.

"Kai ne? Kai ka kunna? Sirajo, ka kusa kashe mu!"

Dada ta karɓe wayar.

"Wato ka sauka kafin ya yi sharar?"

"Na sauka, Dada. Me ya faru?"

"Babu komai. Gobe in ka haye ruwa, mutane za ka fara kira, ba faifai ba."

Ta miƙa wayar, ta goge ido da gefen mayafi. Sai a lokacin ta lura da gwiwoyin Ruwaida da suka yi furu-furu da ƙura, da ƙafafunta da suka kumbura.

"Ke da likita ya hana... Me ya kai ki durƙuso? Ai ba ki yarda ba."

"Na ga hankalinki ya tashi ne, Dada."

Tsohuwar ta jawo ƙafafun ta ɗora a cinyarta tana matsawa a hankali, hawaye na ɗiga a kansu.

"Shekara ashirin da shida, duk ranar da aka nufi ruwan nan, ni kaɗai nake wannan zaman," ta ce. "Yau mu biyu muka yi, 'yata."