Saura Taku Ashirin

Ranar da ta fara shigowa shagonsa, farar sandarta ta makafi ce ta riga ta sallama, ta ƙwanƙwasa ƙafar kanta sau biyu.

"Wayar da za ta gaya mini hanya nake so," in ji ta. "Na samu aiki a ofishin amsa kira, kuma na gaji da jiran mai rakiya."

Mai Waya, kamar yadda 'yan layin ke kiransa, ya miƙo mata mai tsadar yana ta koɗa ta irin na 'yan kasuwa.

"Ka taɓa gwada ta ido a rufe?"

Ya girgiza kai. A nan take ta kama zuciyarsa.

Mako biyu suka yi suna gwada wayoyi iri biyu a kan titi. Mai tsadar muryarta ba ta sarƙewa, komai yana inda yatsa ya saba, tana kuma girgiza a hannu in an zo kwana. Mai araha ta fi yawan manhajoji, har takan bari mutum ya naɗi sunan wuri da muryarsa, sai dai takan yi gum a tsakiyar hanya. Aibinsu ɗaya: duk sukan ce "kin iso" alhali saura taku ashirin a kai ƙofa. Ta zaɓi mai arahar, shi kuma ya zaɓe ta.

Ya tura mata saƙo: "Taswirata, tun da na san ki na daina ɓata."

Ta amsa: "Wayata ta karanto mini, ita ma ta ji kunya. Ina son ka, sarkin surutu."

Da ya kawo maganar aure, mahaifiyarsa, tela ce mai ɗinki a gida, ta ƙi sam.

"Ɗana, ba ƙin ta nake ba. Amma kai kana shago, wa zai kai ta, wa zai dawo da ita? Jagora za ka zama ko miji?"

Maganar ta tsaya masa a rai. Washegari ya bi bayan yarinyar a ɓoye, wai don kada mota ta taɓa ta. A bakin ofis ta tsaya cak.

"Makullanka sun tona ka tun daga kwanar kantin magani," ta ce a hankali. "In kai ma ba ka yarda da ni ba, don me Mama za ta yarda?"

Kwana uku ba ta ɗaga kiransa ba, bawan Allah ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. A na huɗu saƙo ya shigo: "Gobe zan je gaida Mama. Ni kaɗai. Ka zauna a shagonka."

Ya zauna ɗin, amma zama ne na kan ƙaya. Ya san unguwarsu: ƙofofi shida iri ɗaya a jere, kuma wayar za ta sauke ta ne kafin ta kai. Sau uku ya ɗauki makullai, sau uku ya ajiye.

Can sai ga kiran mahaifiyarsa.

"Ta iso," ta ce. "Wayar ta yi shiru a ƙofar maƙwabta, sai ta biyo ƙarar keken ɗinkina. Wai ma keken yana neman mai! Shekara ashirin kana gidan nan ba ka taɓa ji ba."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Mama ta riƙe hannuwansu biyu ta ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu jin magana irin uwarsu."

Ranar da amarya ta fara dawowa daga aiki zuwa sabon gidansu, wayar ta yi magana da muryar angon, wadda ya naɗa a ɓoye: "Kin iso gida, Taswirata."

Ta yi dariya, ta ce, "Saura taku ashirin dai."

Yana tsaye a bakin ƙofa, bai motsa ba. Ya dai kaɗa makullansa, ta taho.